Amsoshin Tambayoyinku: Makiyayar da Lamiɗo Ya Bayar, Iyaka Ta Zo Ta Ratsa

Tambaya: Kwanakin baya na saurari wani shiri a rediyo kan wani gandun kiwo a bakin iyakar Amurka da Meziko. An ce gwamnatin Meziko ce ta ba wani mutum filin, daga baya aka yi yaƙi, iyaka ta matsa, magada suka yi shekara da shekaru suna shari'a. Abin ya tuna mini da maganar kakana, Allah ya jiƙansa, wanda yakan ce Lamiɗo ne ya ba kakanninmu makiyaya a bakin kogin Faro tun Yola na mulkin ƙasar nan. Yau ga iyakar Najeriya kusa da wurin, ga manoma, ga gandun dajin gwamnati. Shin mu ma muna da irin wancan tarihi? Kuma kyautar Lamiɗo tana nan da ƙarfinta, ko iyaka ta cinye ta? Daga mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka, ya saka masa da alheri da ya bar maka wannan labari. Na ji daɗin tambayarka ƙwarai, domin matambayi ba ya ɓata, kuma abin da ka ɗauko ya shafi gidaje da yawa tun daga Garwa har Ngaundare. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani. Na farko, ko ƙasarmu ta ga irin abin da ya faru a Meziko, inda wata hukuma ta ba da fili, wata dabam ta zo ta gaji ƙasar. Na biyu, ko maganar da Lamiɗo ya yi wa kakanninka tana da nauyi a gaban hukumar yau. Amsar ta farko ita ce e, har ma namu ya fi nasu sarƙaƙiya. Ta biyun kuwa sai mun bi ta a hankali.

Mu fara leƙa can tukuna. Meziko ta sami 'yancin kai daga Sifen a 1821, kuma a lokacin Kalifoniya tata ce. Gwamnoninta suka riƙa yanka wa tsofaffin sojoji da masu faɗa a ji manyan filaye domin kiwon shanu, abin da suke kira ranco, wato gandun kiwo. Ɗaya daga ciki shi ne na Tiya Huwana, wanda aka ba Santiago Argüello a 1829. Ba a auna irin waɗannan filaye da kyau ba. Zane ne na hannu a takarda: ga tsauni, ga rafi, ga babbar bishiya. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, aka rufe shi da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848, Kalifoniya ta koma hannun Amurka. Sabuwar iyakar ta bi ta kudu da San Diyego, ta bar mafi yawan gandun Argüello a cikin Meziko. Magadansa suka daɗe suna jayayya, sai a 1889 suka sasanta aka shata gari a filin, shi ne birnin Tihuwana na yau. Waɗanda gandunsu ya faɗa Amurka kuwa, an yi musu alkawarin kare dukiyarsu, amma dokar 1851 ta ce kowa ya kawo hujjarsa gaban kwamiti. An shigar da buƙatu 813, aka tabbatar da 604, kuma a kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin shari'a ɗaya ta ƙare. Da yawa sun ci shari'ar, amma kafin nan kuɗin lauya da bashi sun riga sun cinye filin.

A wannan shekara ta 1851 ne Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ƙetare mahaɗar Binuwai da Faro a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Ƙasar da ya tarar ita ce Fombina, kalmar Fulatanci mai nufin kudu. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, ya fara zama a Gurin, a bakin wannan kogi na Faro da kakanka ke ambato, sannan ya kafa Yola a 1841. A ƙarƙashin Yola akwai ƙananan masarautu fiye da arba'in, irin su Garwa, Rai Buba, Bibemi, Camba, Konca, Banyo, Tibati, Ngaundare da Marwa. Sarkin Musulmi na Sakkwato, Lamiɗon Yola na ƙarƙashinsa, sai sauran lamiɓe, sai lawanai da arɗo-arɗo da jauro-jauro. Ta wannan tsani ne ƙasa take saukowa har ta iso hannun mai garke.

A nan akwai wani ɗan gyara da zan yi maka. Idan muka ji an ce "Lamiɗo ya ba mu ƙasa", hankalinmu yakan tafi ga fili mai kusurwa huɗu da takardar saye, domin abin da muka tashi muka gani ke nan. A wancan zamani abin da ake bayarwa izini ne: ka kafa rugarka a nan, ka yi kiwo daga wannan rafi zuwa wancan dutse, ka shayar a wannan mashaya. Mai karɓa kuma yana da nasa nauyin. Zai yi caffa, ya fitar da zakka, ya kai gaisuwar salla, sau da yawa da bijimi, ya amsa kira ranar yaƙi. Shaidunsa su ne mutanen fada, musamman Sarkin Shanu, sarautar da fadojin Adamawa suka ara daga Hausa har da sunanta. In mutum ya tashi ya daɗe bai dawo ba, wurin yakan koma hannun Lamiɗo ya ba wani. Arzikin sarki a lokacin mutane ne da shanu, ƙasa kuwa tana da yalwa. Shi ya sa Fulani suke da kalmar tokkal, wato jama'ar da ke bin shugaba ɗaya ko da gidajensu a warwatse suke. Saboda haka kakanka gaskiya ya faɗa. An ba su, amma kyauta ce da ke rataye da zumunci tsakanin mai bayarwa da mai karɓa.

Gyara na biyu ya fi nauyi, kuma ina so ka riƙe shi. Ƙasar ba kango ba ce lokacin da aka raba ta. Akwai Fali da Bata a kewayen Garwa, akwai Camba da Koma wajen duwatsun Alantika, akwai Doyayo wajen Poli, akwai Dii da Mbum can kudu. Wasu sun yi sulhu suna biyan haraji, wasu sun haye duwatsu, wasu kuma an kama su an zaunar a rumde, wato ƙauyen bayi masu noma, abin da Hausawa ke kira rinji. Haka ma a Kalifoniya, filin da aka ba Argüello na mutanen Kumeyaay ne tun kaka da kakanni. Duk wanda zai ba da tarihin fili da gaskiya, sai ya ambaci waɗanda aka tarar a wurin, domin jikokinsu suna nan, kuma su ma kakanninsu sun bar musu nasu labarin.

To, yaya aka yi iyaka ta shigo? A kan tebur aka shata ta, a Turai. Ranar 15 ga Nuwamba 1893 Ingila da Jamus suka sa hannu a kan wata yarjejeniya. Aka ɗauki wani wuri a Binuwai, kilomita 5 ƙasa da inda Faro ke zuba, aka ja layi mai lanƙwasa kamar baka ya kewaye Yola, domin birnin ya zauna a rabon Ingila. A Maris 1894 Jamus da Faransa suka shata ta gabas. Da haka kan masarautar ya faɗa hannu ɗaya, mafi yawan gangar jikinta ya faɗa wani hannun. Lamiɗon Yola Zubairu bai yarda ba. Ingilishi suka ci Yola a Satumba 1901, ya fito ya gwabza da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba, ya sake gwabzawa wajen Marwa a Janairu 1902, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira. Tun daga nan aka hana lamiɓen gabas kai gaisuwa Yola, Jamusawa suka kafa ofishin Razdan a Garwa suna mulki ta hannun sarakuna.

Layin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A yaƙin duniya na farko Garwa ta faɗi a Yuni 1915, Mora ta riƙe har Fabrairu 1916, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919 ta ja sabon layi, sannan ta Thomson da Marchand, wadda aka tabbatar a 1931, ta bi shi dalla-dalla, rafi bayan rafi, dutse bayan dutse. Kamaru ta Faransa ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960 ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, arewacin yankin da Ingila ke riƙo ya zaɓi Najeriya, ya zama lardin Sardauna. Ka ga ke nan makiyayar kakanninka ta zauna ƙarƙashin tuta huɗu: ta Sakkwato, ta Jamus, ta Faransa, da ta Kamaru. Gandun Argüello bai ga haka ba.

Kowace tuta kuma da nata ra'ayin game da ƙasa. A 1896 Jamus ta yi doka cewa duk ƙasar da ba ta da mai ita ta Sarkin Jamus ce. Faransa ta zo da kusan irin wannan magana, ta ƙara da dokar rajistar filaye ta 1932. Matsalar makiyayi a nan take. Gona tana da kunya, gida yana da katanga, amma makiyaya a idon baƙo daji ce kawai, balle da rani lokacin da shanu suka tafi cin rani. Duk da haka, a arewa Turawan ba su cika taɓa ikon lamiɓe a kan ƙasa ba, domin ta hannunsu suke karɓar haraji da jangali. Abin da suka canza shi ne sun sa wa kowace masarauta iyaka a taswira, sarautar da a da take bin mutane ta koma bin fili. A zamanin Faransa ne kuma aka fara ganin gandun kiwo irin na Turawa, kamar na kamfanin Pastorale a Gunjel da tashar binciken dabbobi ta Wakwa, duk a yankin Ngaundare.

Shekarar da ya kamata ka haddace ita ce 1974. Ranar 6 ga Yuli gwamnatin Ahijo ta fitar da dokokin ƙasa da har yau ake aiki da su. Suka ce gwamnati ce mai kula da dukkan ƙasar Kamaru. Filin da ke da takardar mallaka, wadda ake kira titir fonsiye, na mai shi ne. Hanyoyi da koguna da makamantansu na jama'a ne. Duk sauran, har da gonakin gado da makiyayun gado, sun shiga abin da ake kira ƙasar al'umma, kuma an raba ta kashi biyu. Kashi na farko shi ne inda mutane ke zaune ko suke amfani da shi a bayyane tun kafin 5 ga Agusta 1974. Dokar ta ambaci makiyaya a cikin wannan kashi, kuma masu irin wannan wuri suna da damar ci gaba da amfani da shi, su kuma nemi takarda. Kashi na biyu shi ne inda ba a ga alamar kowa ba. Shi gwamnati ke iya ba mai jari, da farko na wucin gadi har shekara 5, in ya raya wurin a tabbatar masa. Ƙasa da hekta 50 minista ne ke sa hannu, abin da ya haura haka sai shugaban ƙasa. Dokar 1977 kuma ta mai da sarakuna mataimakan hukuma, aka kasa su daraja uku.

A shekarar 1974 ɗin dai aka kafa SODEPA, kamfanin gwamnati na bunƙasa kiwo, wanda ya buɗe manyan gandayen shanu a Faro, Dumbo da Ndokayo. Na Faro yana yankin Faro da Dewo, wanda ya yi iyaka da Najeriya, kuma shi ne ya fi kama da abin da ka ji a rediyo: babban fili da hukuma ta yanka da takarda domin kiwo, a ƙasar da makiyaya suka daɗe suna bi. Attajirai ma suka bi sahu suna kewaye filaye da waya a tudun Adamawa. Ga kuma gandayen namun daji: na Binuwai mai hekta 180,000, na Buba Njidda mai 220,000, da na Faro mai 330,000, wanda aka keɓe a 1947 aka ɗaga darajarsa a 1980, ban da yankunan farauta da ke kewaye da su. Ga auduga ta kamfanin SODECOTON, ga madatsar Lagdo da aka gama a 1982, ga manoma da aka ƙarfafa wa gwiwar saukowa daga yankin Marwa su zauna a kwarin Binuwai. Kowane ɗaya da dalilinsa mai kyau, amma duk a kan ƙasa ɗaya suka sauka, kuma mai shanu ne ya fi jin matsin.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Iyaka da kanta ba ta kashe haƙƙin mutum. Abin da take yi shi ne ta nuna wace hukuma ce za ta saurari maganarka. Lokacin da Kotun Duniya ta yanke hukunci tsakanin Kamaru da Najeriya ranar 10 ga Oktoba 2002, ta bi tsofaffin yarjejeniyoyin Turawa. Da ta zo kan ƙauyen Koja, wanda ya faɗaɗa har ya ƙetare layi, ta ce layin yana nan inda yake, amma ƙasashen biyu su nemi mafita da za ta kiyaye haƙƙin mazauna wurin. Saboda haka, in makiyayarku tana gefen Kamaru, dokar 1974 ce ke magana. In wani ɓangarenta ya faɗa Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ce, wadda ta sa filaye a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin gargajiya, har hekta 5,000 in don kiwo ne.

Maganar Lamiɗo kuwa, ko da a rubuce take da ajami da hatimi, ba ita ce titir fonsiye ba. Sai dai kada ka raina ta. Hujja ce mai ƙarfi cewa gidanku ya riga 1974 a wurin, kuma a kan wannan shekara doka ta rataya komai. Idan mutum ya nemi takarda, kwamiti ne ke fitowa ya duba filin. Su-firefe, wato shugaban gunduma, shi ke jagoranta, kuma a ciki akwai sarkin ƙauyen da dattawansa biyu. Ka ga fada ba ta fita daga maganar ba. Abin da kwamiti ke nema ya gani da ido shi ne alamar hannun mutum: rijiya, tsohon makwancin shanu, bishiyoyin da aka dasa, kufan gida, maƙabarta, gonar da ke gefen ruga. In kuwa wurin ya riga ya shiga gandun dajin gwamnati, ba a ba da takardar mallaka a cikinsa, sai dai a nemi hanyar wucewa da mashaya ta wajen hukuma.

Shawarata gare ka, ɗana, ita ce ka fara da abin da ba ya buƙatar kuɗi. Ka je wurin tsofaffin da suka rage, na gidanku da na maƙwabta, har da manoman da kake gani kamar abokan jayayya, ka ɗauki muryarsu a waya, ka rubuta sunayen rafuka da duwatsun da suka ambata. Ka tattara duk wata tsohuwar takarda, ko rasiɗin jangali ne, ko na allurar shanu. Sannan ku haɗa kai a matsayin dangi ko ƙungiyar makiyaya, ku bi ta jauro zuwa fada, daga nan zuwa ofishin su-firefe. Makiyayar da gidaje goma ke amfani da ita ta fi samun kariya in goman suka tafi tare. Akwai kuma kwamitin sasanta manoma da makiyaya da wata dokar Kamaru ta 1978 ta kafa a kowace gunduma, wanda aikinsa ne ware wurin noma da wurin kiwo da burtali. Ku nemi a shata muku a rubuce tun ba a yi rigima ba, rigakafi ya fi magani.

Abu ɗaya nake roƙonka. In Allah ya ba ku takarda, kada ku kewaye mashaya da waya, kada ku toshe burtali. Wanda ya ba kakanninka wurin ya ba su ne a kan su zauna da mutane, kuma shekara fiye da ɗari da wurin ya yi a hannunku, shaidar maƙwabta ce ta riƙe shi, tun babu takarda ko ɗaya. Ranar da kwamiti zai fito duba fili, waɗannan maƙwabta ne za a tambaya. Ka gaida mini mutanen gida, kuma in ka tattara labarin tsofaffin nan, ka rubuto mana mu ji sunayen wuraren da suka faɗa maka. Allah ya albarkaci garke, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.